Injin Wanki Na Barin Omo A Durowa? A Birnin Zariya A Fara Duba Tanki Kafin A Kira Mai Gyara

A 'yan shekarun nan injin wanki ya samu gurbi a cikin kayan ɗakin amarya a Zariya, gefen firji da murhun gas. Matasa masu sana'ar wanki da guga su ma sun fara ajiye shi a shago. Sai dai daga Kwarbai zuwa Limancin Kona akwai ƙorafin da ke yawan biyo bayan sayen injin mai sarrafa kansa. A zuba omo a durowa, a danna maɓalli, injin ya yi ta juyi sama da awa guda har ya yi ƙarar gamawa. A jawo durowar, sai a tarar da omon yana nan, ya cure ya zama dunƙule kamar tuwon da ya kwana. Kayan ruwa kawai suka sha, wuyan riga na nan da dauɗarsa.

Daga nan sai zargi ya tashi. Wani ya ce an haɗa su da jabu a kasuwa, wata ta ce wanda aka aika sayayya ne ya ci kuɗin ya kawo na hannu. In aka kira mai gyaran da bai tsaya bincike ba, sai ya ce fanel ne ya ƙone, alhali fanel na cikin kayan da suka fi tsada a jikin injin. A biya, a canza, washegari omo ya sake kwana a durowa. An bar jaki ana dukan taiki ke nan, domin a gidaje da dama na cikin birni lafiyar injin ƙalau. Ruwan da ake ba shi ne ba shi da ƙarfin da aka ƙera shi da shi.

Yadda ruwa ke kwashe omo

Injin mai ƙofa a gaba yana da bawul na lantarki a bayansa, daidai inda ake ɗaura tiyon ruwa. Da an kunna wanki, fanel zai tura wa bawul ɗin wuta ya buɗe. Ruwan ba ya wucewa kai tsaye cikin gangar wanki. Yana bi ta wasu ƙananan tiyo ne zuwa rufin ramin da durowar ke shiga, inda aka huda ƙananan ƙofofi masu yawa kamar kan shawa. Ta nan yake fesowa ƙasa a kan omon, ya narkar da shi, ya kora shi ta wani faffaɗan bututun roba zuwa cikin gangar.

Duk wannan tsarin ya dogara ne da feshi. In ruwan ya zo da ƙarfi, cikin daƙiƙu kaɗan durowa ta wanke tas. In ya zo a sanyaye, maimakon feshi sai ɗiga. Ruwan zai tsiyaya ta ƙofofin baya, ya yanka 'yar hanya ta gefen omon ya wuce abinsa, kamar yadda ruwan sama ke yanka kwazazzabo ya bar tudu. Abin da ya rage ya jiƙe, ya danƙare.

Ga inda mutane da yawa ke ruɗewa: me ya sa injin bai nuna alamar matsala ba? Saboda ba shi da ido a cikin durowa. Abin da yake aunawa shi ne tsayin ruwan da ya taru a cikin ganga. Muddin ruwa ya kai inda ake so kafin lokacin da aka ɗibar masa ya ƙare, zai rufe bawul ya kama wanki, ko da sabulu ko babu. Sai in ruwan ya yi jinkiri ƙwarai ne zai tsaya ya nuna lamba. Injinan LG kan nuna IE, na Samsung kuma 4C ko 4E. Dukansu magana ɗaya suke yi: ruwa ba ya shigowa yadda ya kamata.

Lissafin da tanki ke ɓoyewa

A cikin littafin da ke zuwa da kowane inji akwai layin da ba kasafai ake karantawa ba, wanda ke faɗin mafi ƙarancin ƙarfin ruwan da injin ke buƙata. Da yawa daga cikin injinan LG da Samsung masu ƙofa a gaba suna neman 50 kPa, wato rabin bar. Wasu, irin na Bosch, bar ɗaya cur suke nema. An ƙera su ne da tunanin gidan da ruwan famfo ke zuwa kai tsaye daga babban bututun hukuma, da ƙarfinsa, dare da rana.

Ruwan tanki kuwa ba shi da abin da ke tura shi sai nauyin kansa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kowane mita 10 na tsayi yana bayar da kusan bar ɗaya. Ke nan rabin bar na buƙatar mita 5. Kuma ba daga ƙasa ake aunawa ba. Daga saman ruwan da ke cikin tanki ne zuwa bakin da tiyo ke shiga injin, wanda ke kusan santimita 80 daga daɓe.

A ɗauki gidan da aka ɗora tanki a kan ƙarfe mai tsayin mita 2, shi kansa tankin tsayinsa ya ɗan haura mita ɗaya. In ya cika maƙil, tazarar saman ruwan da bakin injin ba ta kai mita biyu da rabi ba, wato ƙasa da rabin abin da injin ke nema. In ruwan ya yi ƙasa, tazarar ta koma mita ɗaya da 'yan kai, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Shi ya sa matsalar ke zuwa tana tafiya. Ranar da aka kawo wuta sumo ya cika tanki, omo ya tafi ko ya rage kaɗan. Bayan kwana biyu babu wuta, sai a tarar da shi kamar ba a taɓa ba. Mai gida ya ɗauka injin ne ke da aljanu, alhali tanki ne ke sauka.

Abin da ya sa cikin birni ya fi fama

A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙaddamar da sabuwar matatar ruwa ta Zariya mai iya tace lita miliyan 150 a kullum, kuma an shimfiɗa sababbin bututu da tallafin Bankin Raya Afirka da Bankin Raya Ƙasashen Musulunci. Duk da haka gidaje da yawa a cikin ganuwa har yau da rijiya, bohol da 'yan ga-ruwa suka dogara. Inda famfon ke zuwa ma, ba kowa ke yarda ya jingina da shi ba, sai a tara a tanki saboda gobe. Ta kowace hanya ruwa ya shigo gida, ƙarshenta dai daga tanki yake isa ga injin.

Sai kuma yanayin ginin. Tsofaffin gidajen birni na ƙasa ne, masu zaure da soro, rufinsu na azara. Lita 1,000 ta ruwa nauyinta kilo 1,000 ne, tan guda ke nan, ban da nauyin tankin. Babu mai hankalin da zai ɗora wannan a kan rufin azara, kuma bai kamata a gwada ba, musamman da damina. Ko inda aka rushe aka yi ginin bulo, yawanci ba bene ba ne. Saboda haka tanki kan ƙare a kan 'yar dakali ko gajeren ƙarfe a kusurwar tsakar gida. Daga nan a ja siririn bututu mai rabin inci, ya zagaya ɗakuna, ya sha kwana huɗu ko biyar kafin ya kai inda injin yake. Kowace kwana da kowane ƙarin tsawo suna cin wani abu daga ɗan ƙarfin da ya rage. In gidan yawa ne, ana wanki a nan, wata na tarar ruwa a madafa, wani na alwala, ƙarfin ya sake rabuwa.

Gwaje-gwajen da waya ke taimakawa

Kafin a kashe ko sisi, wayar da ke hannu da bokiti ɗaya sun isa a gano bakin zaren. Da farko a zare filogin injin daga soket, a rufe famfo. Wannan ba wasa ba ne, domin ruwa da lantarki ba sa ga maciji, kuma gidaje da yawa ba su da wayar da ke sauke wuta ƙasa.

Gwaji na farko na bokiti ne. A kwance tiyo daga bayan injin, a sa bakinsa cikin bokiti, a riƙe shi daidai tsayin inda yake shiga injin. A buɗe agogon ƙidaya na waya, sannan a buɗe famfo gaba ɗaya. Littattafan Bosch na neman aƙalla lita 8 a minti ɗaya, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ga kowane inji irin wannan. Bokiti mai lita 10 ya kamata ya cika cikin daƙiƙa 75, bokitin fenti mai lita 20 kuma cikin minti biyu da rabi. In ya ɗauki ninkin haka, an kama ɓarawon. A maimaita gwajin sau biyu, lokacin da tanki ya cika da lokacin da ya yi ƙasa, a rubuta sakamakon. A kuma auna tsayin tankin da igiya ko tef, domin bututu mai faɗi kan iya cika bokiti da sauri alhali ƙarfin turawar bai kai ba.

Gwaji na biyu na raga ne. A cikin bakin da aka cire tiyon akwai 'yar raga ta roba, girmanta bai wuce kan babban yatsa ba. A haska fitilar waya a duba. Ruwan bohol da na rijiya kan zo da yashi da jar laka, musamman a watannin Maris da Afrilu lokacin da ruwa ya ja baya sumo na tsotso daga ƙasa-ƙasa. Jarkokin 'yan ga-ruwa ma ba sa rasa gansakuka. Duk wannan a ragar nan yake tsayawa. A jawo ta a hankali da filaya, a goge da tsohon burushin haƙori, a mayar. Kada a yar da ita da sunan buɗe wa ruwa hanya. In yashi ya shiga cikin bawul zai hana shi rufewa, a wayi gari ruwa ya cika ganga ya malale ɗaki. A duba tiyon kansa ma, don in an matse injin da bango yakan lanƙwashe.

Gwaji na uku na rufin durowa ne. Yawancin durowa na da wani ɗan harshe a tsakiya, in aka danna shi sai ta fito gaba ɗaya. A kunna bidiyo da fitila, a zura wayar cikin ramin kyamara na kallon sama. Za a ga ƙananan ƙofofin feshin. In sun toshe da busasshen sabulu, baƙin fumfuna ko farin ɓawon da ruwan zartsi ke bari, a jiƙa su da ruwan ɗumi da ɗan khal, a goge da burushi, a tsokane da tsinken sakace. Ban da allura ko ƙusa, suna faɗaɗa ƙofar su ɓata feshin. Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: kada a taɓa haɗa khal da ruwan bilic irin su Hypo ko Jik. Haɗin na fitar da iskar kulorin mai illa ga huhu, balle a ƙuntataccen banɗaki.

Gwaji na huɗu na zaman injin ne. Daɓen tsakar gida da na banɗaki da gangare ake yin su don ruwa ya bi rariya. In injin ya karkata, ruwan durowa zai bi gefe ɗaya ya bar ɗayan. Manhajar Measure ta iPhone na da ma'aunin daidaito, akwai irinsa da yawa kyauta a Play Store. A kwantar da wayar a saman injin, a murɗa ƙafafunsa har ya daidaita.

Wanda injinsa ke haɗuwa da waya na iya ƙarawa da manhajar LG ThinQ ko SmartThings ta Samsung, suna karanta lambar matsala su yi bayani. Amma a sani, abin da fanel ya gani kawai suke faɗa. Ba su san tsayin tanki ba. Wanda littafinsa ya ɓata kuma, ya ɗauki hoton lambar samfurin da ke liƙe a bakin ƙofa ko bayan injin, ya nemo littafin a shafin kamfanin.

Omon ma yana da nasa laifin

Durowar injin mai ƙofa a gaba gida uku gare ta. Mai alamar II na babban wanki ne. Mai alamar I na jiƙon farko ne, kuma injin ba ya kora shi yadda ya kamata sai an zaɓi wannan tsarin. Mai hoton fure na ruwan tausasa kaya ne. Wanda ya zuba omo a gidan I ya kunna wanki na yau da kullum zai tarar da shi kusan yadda ya bar shi. Wannan kuskuren ya fi yawa fiye da yadda ake zato, musamman a gidan da kowa ke taɓa injin. Gidan fure kuwa yana da 'yar hula da ke zuƙe ruwan, in ta toshe ko an haura layin da aka rubuta MAX, aikinta ya lalace. Kada a zuba masa gari ko kaurin sitacin shadda.

Sai yawa. Hannun da ya saba da wankin baho ya saba da cewa kumfa ita ce shaidar tsabta, don haka akan cika durowa har baki. Tulin gari na tare ƙofofin feshin, ruwa ya kasa ratsa shi. Ƙari a kan haka, yawancin omon leda da ake saya a shagon unguwa na wankin hannu ne, an yi shi ne ya yi kumfa sosai. Injin mai ƙofa a gaba mai ƙarancin kumfa yake so, kuma ana nuna haka a jikin ledar da hoton inji. In kumfa ta yi yawa, injin kan tsaya yana jira ta kwanta, ya ƙara ɗauraya, ya ƙara shan ruwan da aka saya da kuɗi.

Yanayi ma na taka rawa. Da damina, musamman a watan Agusta, ledar da aka bari a buɗe kan sha danshi ta dunƙule tun kafin ta isa durowa. A juye garin a roba mai murfi, a kuma tsane durowar da tsumma kafin a zuba. Da hunturu, a Disamba da Janairu, ruwan da ya kwana a tanki kan yi sanyi ƙwarai da asuba, gari kuma ba ya saurin narkewa a ruwan sanyi. Jinkirta wanki zuwa azahar, bayan rana ta bugi tankin, na kawo bambanci.

Wuta ce ta ƙarshe. In aka ɗauke ta ana tsakiyar shan ruwa, omon da ya jiƙe zai zauna awanni ya taurare, ko an dawo da ita ba lallai feshi ya iya ɗaga shi ba. In kuma ta zo da rauni sosai, irin wadda fanka ke juyi da ƙyar, bawul na iya yin gurnani bai buɗe sosai ba. Sitabilaiza mai ƙarfin da ya dace na maganin wannan. A tuna cewa abin ɗumama ruwa na irin waɗannan injina kan ja wat 2,000 ko kusa da haka, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba.

Mafita ta kyauta da ta kuɗi

In gwaji ya nuna ƙarfin ruwa ne, hanya mafi sauƙi ita ce a tsallake durowar. A zuba omon a ƙasan ganga kafin a sa kaya, ruwa da juyi za su narkar da shi. Ga farar shadda ko baƙin yadin da ake tsoron gari ya bar masa tabo, a dama omon da ruwan ɗumi a kofi, a jira sai an ji ruwa ya fara shiga, a ja durowar kaɗan a tsiyaya. Dalilin jiran shi ne injina da yawa kan fara da zuƙe ragowar ruwan da ke ƙasa su zubar, kada su haɗa da sabulun. Sabulun ruwa ma ya fi sauƙin korawa. Sannan a riƙa wanki lokacin da tanki ke cike, a roƙi mutanen gida su ɗan saurara da sauran famfuna na mintunan farko.

Wannan dabara ce ta rage zafi. Injin da ke shan ruwa da ƙyar na daɗewa kafin ya gama, kuma bawul ɗinsa ba ya rufewa da kyau, don ƙarfin ruwan ne ke taimaka masa ya danne. Gyara na dindindin uku ne. Na ɗaya, ƙaramin famfon ƙara ƙarfi da ake ɗaurawa a bututun da ke zuwa injin, irin wanda ke tashi da kansa in ruwa ya fara gudu. Ana samunsa wurin masu kayan famfo a Sabon Gari, kuma tunda injin ma sai da wuta yake aiki, rashin wuta bai ƙara wata matsala ba. Na biyu, a sa mai walda ya yi wa tanki doguwar hasumiya mai tushen kankare, in akwai fili da hali, nesa da katangar ƙasa. Na uku, a ja wa injin bututunsa shi kaɗai daga tanki, mai faɗin inci ɗaya, marar yawan kwana, a sa masa matata a hanya don tare yashi. Tankin ma a riƙa wanke shi.

Lokacin da mai gyara ya zama dole

In bokiti ya cika a kan lokaci, tanki na da tsayi, raga da ƙofofin feshi sun fita tas, amma har yanzu ruwa ɗiga yake a durowa, to zargi ya koma kan bawul. Yawancin injina na da biyu ko uku a haɗe, ɗaya na iya mutuwa sauran na aiki, sai ruwa ya riƙa shiga ta gida ɗaya ya bar wanda omo yake. Mai gyara na iya auna shi da mita cikin 'yan mintuna, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na fanel ba. Duk wanda ya ce fanel ne tun bai kwance tiyo ya ga ruwan ba, a nemi ya auna bawul tukuna. A tura masa bidiyon cikin durowa da sakamakon bokiti ta WhatsApp kafin ya taso, ya zo da abin da ya dace. In injin na cikin garanti, kada a bari kowa ya buɗe murfinsa na sama, a koma wurin da aka saya da rasit.

Ga iyayen da ke shirin sayen kayan ɗaki da angon da ke gyaran gida, tambayar ta fi amfani tun kafin a je PZ. Daga ina ruwan gidan ke zuwa, kuma mita nawa ne tsayin tankin? In gidan na sayen ruwa ne jarka-jarka, inji mai baho biyu da ake zuba wa ruwa da bokiti ba ruwansa da ƙarfin famfo, ba shi ma da durowar da omo zai kwana. In kuma zuciya ta kafe a kan mai ƙofa a gaba, a buɗe littafinsa tun a shago a duba lambar kPa, a saka kuɗin famfon ƙara ƙarfi da matata a cikin lissafi tun ranar farko.